Ƙara Wa Motar Haibirid Batir Domin A Caje Ta A Gida: Darasi A Kan Lissafi Kafin Aiki

Gabatarwa

A shafin kimiyya na bana mun zaɓi mu yi nazari a kan wata dabara da waɗansu masu fasaha suka soma a ƙasar Amurka a shekarar 2004. Dabarar kuwa ita ce a ɗauki motar haibirid, watau mota ruwa biyu mai tafiya da fetur da kuma lantarki, a ƙara mata babban batir, sa'an nan a fitar mata da waya wadda za a riƙa jonawa a soket ɗin gida da dare, kamar yadda ake cajin wayar hannu. Masu sayar da kayan wannan aiki sun yi talla cewa galan ɗaya na fetur zai iya kai irin wannan mota mil 100, watau fiye da kilomita 40 a kowace lita. Duk wanda ya ji haka, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, ba abin mamaki ba ne in ransa ya biya.

Nufinmu a wannan darasi shi ne mu auna alkawarin nan da lissafin da kowane ɗalibin aji huɗu ya riga ya koya a darasin kimiyyar lantarki. Za mu duba yadda motar take aiki, da yadda ake ƙara mata batir, da ribar da ke ciki, da kuma haɗarin. Muna roƙon mai karatu ya ɗauki biro da takarda ya bi mu, gama lissafin da mutum ya yi da hannunsa ya fi zauna masa.

1. Yadda motar haibirid take aiki

Misalin da za mu ɗauka shi ne Toyota Prius, domin a kanta aka yi yawancin wannan aiki. An fara sayar da ita a Japan a watan Disamba na 1997. Samfurinta na biyu, wanda aka fara ƙerawa a 2003, shi ne ya fi shiga hannun masu ƙara batir.

Motar tana da injin fetur mai lita 1.5, da injinan lantarki guda biyu, da wata giya ta musamman mai raba ƙarfi a tsakaninsu. Babban injin lantarkin yana taimakawa wajen juya tayoyi. Ƙaramin kuwa shi ke tayar da injin fetur, ya kuma yi aikin janareto. In direba ya taka birki, babban injin lantarkin sai ya koma janareto shi ma, ya mai da gudun motar lantarki ya zuba a batir. A motar da muka saba da ita, wannan ƙarfi zafi yake zama a jikin birki ya bi iska. Kwamfutar motar ce take yanke shawara a kowane lokaci ko injin fetur zai yi aiki ko zai huta.

Abin lura a nan shi ne, haibirid ta asali ba ta da wurin jona waya. Duk lantarkin da ke cikin batirinta daga fetur ya samo asali, ko dai ta hanyar janareto, ko kuwa ta hanyar birki, domin gudun da birkin ya tare ai fetur ne ya haifar da shi tun farko. Saboda haka motar tana tattalin mai ƙwarai, amma abincinta ɗaya ne. Masu ƙara batir sun so su ba ta abinci na biyu, watau wutar gida.

2. Girman batirinta na asali

Kafin mu ci gaba, bari mu tuna da ma'aunai uku. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura lantarki. Amfiya ita ce ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat. Wat 1,000 da aka yi awa ɗaya ana sha shi ne kilowat-awa ɗaya, wanda shi ne yunit ɗin da muke saya a mitar wuta ta gida.

Batirin Prius samfuri na biyu na sinadarin nikel ne. Yana da ƙwayoyi 168, an ɗaure su shida-shida a ɗauri 28. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 1.2, jimla bolt 201.6 ke nan. Abin da yake iya ɗauka shi ne amfiya 6.5 na tsawon awa ɗaya. To, mu ninka: 201.6 sau 6.5 ya ba mu wat-awa 1,310, watau yunit 1.3 kacal.

Ko wannan ɗin ma ba duka ake taɓawa ba. Domin batirin ya daɗe, kwamfuta ba ta barinsa ya cika fiye da kimanin kashi 80 cikin 100, ba ta kuwa barinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 40. Abin da ya rage na amfani bai fi rabin yunit ba. Bari mu ɗauka cewa yunit ɗaya yana kai ƙaramar mota irin wannan kilomita 6, za mu kuwa riƙe wannan adadi har ƙarshen darasi. Rabin yunit ke nan ba zai wuce kilomita 3 ba, a aikace ma kilomita ɗaya ko biyu ake samu kafin injin fetur ya tashi. Ko da an fitar wa wannan batir da wayar caji, wahalar ba za ta biya ba. Tilas sai an ƙara rumbu.

3. Waɗanda suka soma aikin

Tunanin motar da ake caji a gida ya girmi Prius. Farfesa Andrew Frank na Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis ya yi shekaru yana ƙera irin waɗannan motoci tare da ɗalibansa tun cikin shekarun 1990. Amma manyan kamfanoni ba su nuna sha'awar ƙera su domin kasuwa ba. Hujjarsu ita ce batir yana da tsada da nauyi, mutane kuma ba za su so wahalar jona waya ba.

A shekarar 2002 Felix Kramer ya kafa wata ƙungiya mai suna CalCars a jihar Kalifoniya domin ta matsa wa kamfanoni lamba. A 2004 wani injiniyan lantarki na ƙungiyar, Ron Gremban, ya ɗauki Prius ɗinsa ya jera mata ƙananan baturan darma guda 18 a baya, masu nauyin kimanin kilo 130. Aikin ya ci masa kusan dala 3,000 da watanni da dama. Motar, wadda suka sa wa suna PRIUS+, ta iya tafiyar kimanin kilomita 15 da lantarki kaɗai in ana tafiya a hankali. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne, Prius ɗin da ake sayarwa a Japan da Turai tana da wani maɓalli na tafiya da lantarki zalla. Ta Amurka ba a sa mata maɓallin ba, amma umurninsa yana nan cikin kwamfutar, sai dai a jona waya a farkar da shi. Ƙungiyar ta baza bayanin aikin kyauta a intanet domin duk mai iyawa ya gwada.

Daga nan ƙananan kamfanoni suka shigo da kayan da aka riga aka haɗa, sai dai a ɗaura. Wanda ya fi suna shi ne Hymotion na ƙasar Kanada, wanda kamfanin batir na A123 Systems ya saya a 2007. Batirinsa na litiyam ne mai ɗaukar yunit 5, ana sa shi a ramin safaya, kuɗinsa kuwa kimanin dala 10,000. A shekarar 2007 ɗin kuma kamfanin Google ya soma gwada irin waɗannan motoci a wani shiri nasa mai suna RechargeIT. Daga baya kamfanin Enginer ya fito da mai araha, na yunit 2 da na yunit 4, a kan 'yan dubban daloli.

4. Hanyoyi uku na ƙara batir

Hanya ta fari ita ce a cire batirin asali gaba ɗaya, a sa babba a madadinsa. Wannan tana bukatar a sauya ƙaramar kwamfutar da ke lura da batir, a sa wata wadda za ta riƙa gaya wa motar cewa batir a cike yake, domin motar ta saki jiki ta sha lantarki. Ita ce ta fi ba da ƙarfi, ita ce kuma ta fi tsada da wuyar aiki.

Hanya ta biyu ita ce a bar batirin asali a wurinsa, a ajiye wani a gefensa mai bolt da ya ɗara nasa kaɗan, a haɗa su da wani babban makunni mai buɗewa da rufewa da kansa. In cajin na asali ya yi ƙasa, makunnin sai ya haɗa su, wuta ta gangaro daga sabon zuwa tsohon, kamar yadda ruwa yake gangarowa daga tankin sama zuwa randa. In ya ƙoshi sai makunnin ya raba su.

Hanya ta uku ita ce a sa wata na'ura mai daidaita bolt a tsakanin baturan biyu. Kayan nan masu araha sun yi amfani da batir mai bolt 48, na'urar kuwa ta ɗaga wutar zuwa sama da bolt 200 ta riƙa ɗura wa motar kaɗan-kaɗan. Sauƙinta shi ne ɗaurawa ba wuya. Rauninta kuwa lissafi zai nuna mana shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, tana cin yunit ɗaya a kowane kilomita 6, tana bukatar kilowat 10 ke nan. In na'urar tana iya ba da kilowat 3 ne kawai, to, ko kashi ɗaya cikin uku na bukatar ba ta biya ba. Sauran tilas injin fetur ya cike. Rumbu na iya zama cike da hatsi, amma in ƙofarsa ƙanƙanuwa ce, ɗan abin da ƙofar ta bari shi zai fita.

5. Iyakokin da motar kanta ta sa

A nan ne mutane da yawa suka yi kuskure. Sun zaci in an ƙara batir, motar ta zama ta lantarki ke nan. Alhali kuwa waɗanda suka ƙera ta sun tsara ta ne a kan injin fetur, lantarki mataimaki ne kawai, ƙarin batir kuwa bai sauya wannan tsari ba.

Da fari, tafiya da lantarki zalla tana yankewa da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 55 a awa. Na biyu, in gudu ya haura kimanin kilomita 67 a awa, tilas injin fetur ya riƙa juyawa, domin in ya tsaya cik, giyar nan mai raba ƙarfi za ta sa ƙaramin injin lantarki ya yi juyin da ya fi ƙarfinsa. Na uku, ko da yake babban injin lantarkin yana iya ba da kilowat 50, wutar da aka yarda ta fito daga wajen batir ba ta wuce kimanin kilowat 25 ba. Saboda haka in direba ya taka totur da ƙarfi, ko ya fuskanci hawa, injin fetur zai tashi ko da batir a cike yake. Na huɗu, motar tana tayar da injin fetur domin ta ɗumama matatar hayaƙin da ke cikin salansa, gama matatar ba ta aiki sai da zafi. Wannan batu na hayaƙi ne ya sa hukumar kula da tsabtar iska ta Kalifoniya ta kafa ƙa'idoji a kan irin waɗannan kaya a 2009.

Sakamakon ya bayyana a kan titi. Birnin Siyatil na Amurka ya gwada waɗansu Prius da aka ƙara wa batir, a 2009 kuwa aka ba da rahoton cewa abin da suke samu a tsakaice mil 51 ne a galan. Prius ɗin da ba a taɓa ba, bisa ga awon hukumar kare muhalli ta Amurka, tana yin mil 46. Mil 100 ɗin da aka yi talla yana samuwa, amma ga mai gajeriyar tafiya a cikin gari, mai sanyin ƙafa a kan totur, wanda kuma ba ya mantawa da jona waya kowane dare. Ma'aikacin da ya hau babbar hanya da motar ofis wadda ba a caja ba, nauyin batir kawai yake ɗauke da shi.

6. Lissafin kuɗi

Yanzu bari mu zauna mu yi lissafi irin na ɗan kasuwa, da farashin Amurka na 2008, lokacin da galan ɗin fetur ya kai dala 4, yunit ɗin wutar gida kuma yana kimanin santi 11.

Mu ce mutum ya sayi batir mai yunit 5 a kan dala 10,000. Ba a zuƙe batir ƙarƙaf, saboda haka mu ce yunit 4 ne na amfani. Yunit 4 sau kilomita 6 ya ba mu kilomita 24. Prius tana yin kusan kilomita 20 a lita, ke nan kowane caji ya tsirar da lita 1.2. In ya yi caji sau ɗaya a rana har kwana 300 a shekara, ya tsirar da lita 360. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, watau galan 95, kuɗinsu dala 380.

Amma wuta ba kyauta ba ce. Wajen caji akan yi hasarar wani kashi ya zama zafi, saboda haka mu ce mita tana cin yunit 5 kowane dare. A kwana 300 yunit 1,500 ke nan, kuɗinsu dala 165. Mu cire 165 daga 380, saura dala 215. Wannan ita ce ribar shekara guda. In muka raba 10,000 da 215 za mu sami fiye da shekara 46. Babu batirin da zai kai wannan lokaci, motar ma ba za ta kai ba.

Gaskiya ne farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, wannan kuwa ya rage nauyin lissafin ƙwarai. Amma ƙwayoyin batir ba su kaɗai ake saya ba. Akwai caja, da na'urar daidaita bolt, da na'urar gadin batir, da akwatin ƙarfe, da ladan gwani. Har ila yau ribar kowane caji tana nan a lita ɗaya da 'yan kai. Dalili kuwa shi ne Prius ta riga ta iya tattalin mai, wanda ba ya ɓarna kuwa ba a samun abu mai yawa da za a rage masa.

7. Haɗarin da ke ciki

Kuɗi in sun tafi ana iya neman waɗansu, amma rai ɗaya ne. A harkar motoci, duk wutar batir da ta wuce bolt 60 ana lissafa ta mai haɗari ce. Batirin Prius ya haura bolt 200, a cikin motar kuma akwai na'urar da ke ɗaga shi har zuwa bolt 500. Shi ya sa aka yi wa manyan wayoyinta launin ruwan lemo domin gargaɗi. Gwani ba ya taɓa su sai ya kashe motar, ya zare fulogin tsaro na batir, ya jira mintoci kafin wutar da ta maƙale a cikin na'urori ta sauka, ya sa safar hannu ta roba wadda aka gwada a kan bolt 1,000, sa'an nan ya auna da mita ya tabbata. Sanin batirin mota mai bolt 12 bai isa ya sa mutum ya shiga wannan aiki ba.

Haɗari na biyu gobara ce. A watan Yuni na 2008 wata Prius da aka ƙara wa batir, mallakar wani kamfanin wutar lantarki a jihar Karolina ta Kudu, ta kama wuta tana cikin tafiya ta ƙone. Direban ya tsira. Ruwa ba ya tsami banza: da aka bincika, sai aka tarar wani mahaɗin wuta da aka ɗaure da noti ne ba a haɗa shi daidai ba, ya saki, ya yi zafi har ya kai ga ƙwayoyin batir.

Ɗalibanmu za su gane dalili. Zafin da ke tashi a mahaɗi daidai yake da amfiya sau amfiya sau turjiyar mahaɗin. In noti ya saki har turjiya ta kai kashi ɗaya cikin 100 na om, amfiya 100 kuma suna wucewa, lissafin shi ne 100 sau 100 sau 0.01, watau wat 100. Zafin tsohon ƙwan fitila mai wat 100 ke nan ya taru a wurin da bai fi farce ba, a cikin rufaffen akwati, kusa da roba. Mu lura kuma da batir mai bolt 48: domin ya ba da kilowat 3 sai amfiya fiye da 62 sun gudana, alhali a bolt 240 amfiya 12.5 sun isa. Ƙarancin bolt ya rage haɗarin jan wuta, amma ya ƙara bukatar waya mai kauri da fis mai kyau da mahaɗi mai ƙarfi.

Na uku shi ne kula da ƙwayoyin batir. Irin litiyam da aka fi sa wa waɗannan kaya, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.2. Ba a so ta wuce 3.65 wajen caji, ba a kuwa so ta sauka ƙasa da kimanin 2.5. Guda 16 ake jerawa a sami batirin da ake kira mai bolt 48. Tun da a jere suke, ƙwaya ɗaya mai rauni takan riga sauran cika, ta kuma riga su ƙarewa. Aikin na'urar gadin batir shi ne ta auna kowace ƙwaya, ta yanke wuta kafin a wuce iyaka. In aka yi arahar wannan na'ura, to, araha ba ta ado.

Daɗin daɗawa, nauyin da aka ɗora a baya yana danne sifirin, safaya ta rasa wurin zama, batirin kuma yana zaune ne a inda mota take lotsewa in an buge ta ta baya. Mai sabuwar mota kuma yana iya rasa garantin kamfani a kan duk abin da aikin ya lalata.

8. Abin da ya biyo baya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa waɗannan mutane wahalar banza suka yi. Tun farko burin CalCars shi ne a nuna wa duniya cewa abin yana yiwuwa, domin kamfanoni su ƙera da kansu. Gani ya kori ji. A watan Disamba na 2008 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da F3DM. A watan Disamba na 2010 aka soma sayar da Chevrolet Volt a Amurka, mai batirin yunit 16 da tafiyar mil 35 da lantarki. A 2012 Toyota ta fito da tata Prius mai wayar caji, da batirin yunit 4.4. Samfurin da ya biyo ya kai yunit 8.8 da mil 25, na 2023 kuwa yunit 13.6 da mil 44. Waɗannan an tsara injinansu da kwamfutarsu da sanyaya batirinsu tare tun daga masana'anta, an kuma gwada su a karo.

Da motocin masana'anta suka shigo, kasuwar kayan ƙari sai ta mutu. A123 Systems ya durƙushe a watan Oktoba na 2012, kamfanin Wanxiang na Sin ya saye shi a 2013. Yawancin ƙananan kamfanonin sun daina wannan sana'a, waɗanda suka sayi kayansu kuwa suka rasa inda za su sami gyara.

9. In a ƙasarmu ne fa?

Motocin haibirid na hannu suna shigowa ƙasarmu daga Amurka da Turai, baturan litiyam kuma sun yawaita saboda sola. Saboda haka wata rana wani zai iya kawo wa ɗayanmu wannan shawara. Ga abubuwa huɗu da za a tambaya.

Na ɗaya, daga ina wutar za ta fito? Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin kimanin yunit 9, amma ƙaramin janareto ba ya cika fitar da fiye da yunit 2 daga cikinta. Domin a sami yunit 5 sai an ƙona lita 2.5, a tsirar da lita 1.2 a mota. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sola ta fi dacewa, amma sai faifan da suka kai kimanin kilowat 1.5, motar kuma ta wuni a ajiye a gida. Na biyu, wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230, saboda haka sai an duba cajar da kyau. Na uku, zafi yana tsufar da batir da wuri, but ɗin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake. Na'urar sanyaya ɗaki ta Prius ma daga babban batir take sha. Na huɗu, Prius samfuri na biyu tsohuwar mota ce yanzu, batirinta na asali ya riga ya tsufa, ƙarin aiki kuwa zai gaggauta mutuwarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa ana iya ƙara wa motar haibirid batir a caje ta a gida, an kuwa yi. Mun ga kuma ribar tana tsayawa ne a inda tsarin motar ya tsayar da ita, kuɗin da aka zuba da wuya su dawo, kuskure ƙarami kamar sakin noti ɗaya yana iya cinye motar duka. Shawararmu ga mai haibirid ita ce ya kula da batirin da yake da shi, ya share fankar da ke sanyaya shi, ya duba iskar taya, ya sassauta ƙafa. Wanda yake da tabbatacciyar wuta, yana kuma son motar caji, gara ya nemi wadda aka ƙera domin haka. Ku kuwa ɗalibai, in an kawo muku talla mai daɗin ji, ku tambayi yunit nawa, kilowat nawa, kuɗi nawa, shekara nawa, sa'an nan ku ɗauki biro. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle ɗari kuwa ba ya fid da shi.

Tambayoyi domin nazari

1. Wani batir yana da bolt 51.2, yana ɗaukar amfiya 80 na awa ɗaya. Yunit nawa ke nan? In kashi 80 cikin 100 ne na amfani, kilomita nawa zai kai mota bisa ga adadin da muka riƙe?

2. Ku kawo dalilai uku da ke sa injin fetur na Prius ya tashi ko da batir a cike yake.

3. Ku sake lissafin sashe na 6 da farashin lita da na yunit na garinku a yau. Nawa ne ribar shekara guda?

4. In turjiyar wani mahaɗi om 0.02 ce, amfiya 60 suna wucewa, wat nawa na zafi zai tashi?

5. Ku tattauna a aji: me ya sa aikin CalCars ya ci nasara, alhali kasuwar kayan ƙarin batir ta mutu?